Gandu da Gayauna: Mulkin Babakere da 'Yancin Mutum a Ƙagaggun Labarai da Tarihin Ƙasar Tsafe

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1975 ne aka buga littafin Gandun Dabbobi, watau fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa Animal Farm na George Orwell, wanda ya fara fitowa a Ingila a 1945. Da mai fassarar ya ce gonar dabbobi, ba wanda zai ce ya yi kuskure, amma sai ya zaɓi kalmar gandu. Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san nauyin wannan kalma. Gandu gona ce da mutanen gida ke nomawa tare a ƙarƙashin mutum ɗaya, uba ko babban wa, shi ke riƙe da rumbu, shi ke cewa a yi ko a bari. A madadin haka shi ke ciyar da gida, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari auren fari. Sai dai al'ada ba ta bar gandu shi kaɗai ba, ta ajiye masa gayauna a gefe, watau ɗan fegin da ake yanka wa ɗa ko ƙane ko matar gida, mutum ya noma a lokacin kansa, amfanin kuwa nasa ne, ya sayar ko ya kyautar ba mai tuhumarsa.

Wannan takarda za ta ari waɗannan kalmomi biyu ta yi awo da su. Abin da muke nufi da mulkin babakere shi ne irin mulkin da bai tsaya ga karɓar haraji da biyayya ba, sai ya nemi ya mallaki lokacin mutum da bakinsa da tafiyarsa, har ma da abin da ke cikin zuciyarsa. A taƙaice, gandu ne wanda ya haɗiye gayauna. Za mu fara da yadda marubutan Turai suka siffanta irin wannan mulki, sa'an nan mu bi tarihin yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu tun daga zamanin jihadi har zuwa abin da ya sami 'Yankuzo da maƙwabtanta daga 2011 zuwa 2022, domin mu ga inda labaran suka yi daidai da abin da ya faru, da kuma inda suka kauce.

2.0 Ƙagaggun labaran ƙasar ƙunci

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai wanda marubuci ke ƙirƙirar wata ƙasa ta nan gaba, ya cika ta da duk abin da yake tsoron zamaninsa zai haifa. Za mu kira su labaran ƙasar ƙunci. Uku daga cikinsu sun isa misali.

Na farko shi ne littafin Yevgeny Zamyatin, mutumin Rasha, wanda ma'anar sunansa ita ce Mu. Ya rubuta shi tsakanin 1920 da 1921, hukumar ƙasarsa ta hana buga shi, sai a 1924 ya fito da Turanci a Amurka. Mutanen wannan labari ba su da suna sai lamba, gidajensu na gilashi ne domin kowa ya ga kowa, kuma an tsara wa kowa abin da zai yi a kowace sa'a, in ban da sa'o'i biyu a yini da aka bar wa mutum. Burin hukumar ƙasar shi ne wata rana a soke har waɗannan biyun. Na biyu shi ne Brave New World na Aldous Huxley, na 1932, inda ba a bukatar bulala, domin an sabar wa jama'a da wata ƙwaya mai gusar da damuwa da kuma shagali marar yankewa. Na uku kuwa, wanda ya fi shahara, shi ne Nineteen Eighty-Four na Orwell, na 1949. A nan jam'iyya ɗaya ce ke mulki da sunan wani Babban Wa, a kowane ɗaki akwai allon da ke kallon mai kallonsa, ana horar da yara su kai ƙarar iyayensu, ana rage kalmomin harshe domin a rasa bakin da za a yi musu da shi. Aikin tauraron labarin, Winston Smith, shi ne sake rubuta tsofaffin jaridu don su dace da abin da hukuma ta faɗa yau. Laifinsa na farko shi ne ya sami wani ɗan lungu a ɗakinsa inda allon ba ya hango shi, ya zauna yana rubuta abin da ke ransa.

Idan aka lura, sa'o'i biyun Zamyatin da lungun Winston Smith duk gayauna ce. Labaran uku sun haɗu a kan abu ɗaya, watau mai mulkin babakere ba ya iya haƙuri da wurin da idonsa bai kai ba, komai ƙanƙantarsa. Sun kuma haɗu a kan wani zato, cewa wannan bala'i daga hukuma mai ƙarfi ƙwarai zai fito, mai ma'aikata da rajista da na'urori, kamar yadda aka gani a Jamus ta Hitler da Rasha ta Stalin. Wannan zato shi ne za mu gwada da tarihinmu.

3.0 Kafin zuwan Turawa

Jayayya a kan iyakar ikon sarki tsohuwar aba ce a wannan yanki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara. A wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Duk wanda ya dubi waɗannan bukatu zai ga sun shafi baki da zuciya da tufafi da jiki da aljihu. 'Yan shekaru kafin hijirar 1804, Sarkin Gobir Nafata ya yi shelar da ta rushe su, ya hana kowa wa'azi sai Shehu, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, ya hana maza naɗa rawani, mata kuma lulluɓi. A cikin Kitabul Farƙi an jera hanyoyin da sarakuna ke bi su shiga dukiyar talaka, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa da kamuwa, da kuma gargaɗi, watau tilasta wa mutum fita yaƙi ko ya fanshi kansa.

Amma tarihin 'Yandoto, wanda ke cikin ƙasar Tsafe ta yau, ya nuna cewa matsalar ba ta tsaya ga ɓangare ɗaya ba. 'Yandoto tsohon garin malamai ne a ƙasar Katsina ta wancan zamani. Yawancin malamansa ba su yarda da jihadi ba, suka kuma takura wa masu goyon bayan Shehu har suka bar garin. A wajen 1806 Muhammadu Bello ya iso da runduna, ya nemi a zauna a yi muƙabala, suka ƙi, aka ci garin, malamai suka watse. Watau waɗanda suka hana wasu faɗin ra'ayinsu jiya, su ne aka tarwatsa yau. Daga wannan rikici ne tarihin Gusau ta Malam Sambo Ɗan Ashafa ya samo tushe, kuma har yanzu sarautar Tsafe sunanta 'Yandoton Tsafe.

Akwai wani abu a nan da ya kamata a yi la'akari da shi. Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Barno ya rubuto wasiƙa yana zargin masu jihadi da abubuwa da dama, ciki har da wulaƙanta littattafai. Bello ya musanta cewa da gangan aka yi, ya kawo hujjojinsa, amma bai ɓoye zargin ba, ya kwafe wasiƙar abokin jayayyarsa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812. Saboda haka ne mu a yau muke iya karanta ɓangarorin biyu mu yi hukunci. Wannan shi ne kishiyar aikin da aka sa Winston Smith. Daular da ta biyo baya ba ta rasa nata zalunci ba, domin an cika rinji da gandayen sarauta da bayi. Duk da haka al'ada ta bar wa bawan gandu gayaunarsa da lokacinsa, ta kuma buɗe masa ƙofar murgu da fansar kai. Wannan bai wanke bauta ba, sai dai ya nuna cewa ko a mafi ƙuncin matsayi jama'a na ganin akwai iyakar da mai iko bai kamata ya tsallake ba.

4.0 Zamanin Turawa da En'e

Bayan cin Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903, Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Abin da Turawa suka kawo sabo shi ne rubutaccen lissafi. Aka ƙidaya magidanta domin haraji, aka ƙidaya shanu domin jangali, aka wajabta biya da kuɗin Bature, wanda ya tura manomi noman auduga da gyaɗa. Layin dogo ya ratsa Gusau ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ya kwashi amfanin. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos bisa tilas. Wanda ya ɗaga kai kuwa yana da labarin Satiru ta 1906 a gabansa. Yana da kyau a tuna cewa shi kansa Orwell ɗan sandan mulkin mallaka ne a Bama daga 1922 zuwa 1927, a can ya fara ganin yadda ake mulkar mutane da tsoro.

Tsarin En'e ya tara wa hukuma ɗaya ɗan doka da alƙali da gidan yari da mai karɓar haraji. Wanda ya kama ka da wanda zai yi maka shari'a da wanda zai tsare ka duk yaran mutum ɗaya ne. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sai wannan tsari ya nuna haƙoransa. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, kuma an ɗaure 'yan jam'iyyar da yawa a sassan Arewa bisa tuhumar zagin sarauta ko taro ba izini. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama saboda haka. Wannan shi ne lokacin da ƙasarmu ta fi kusa da hoton da Orwell ya zana, domin mai sa ido yana cikin unguwa, ya san gonarka da surukanka. Duk da haka bai kai can ba, tun da akwai kasuwa da zauren malam da waƙa da cin rani, inda talaka ke shan iska. Bayan 1966 aka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Mulkin soja ya zo da nasa salo, har ma a shekarar 1984 ɗin kanta aka kafa Doka ta 4 wadda aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita shekara guda.

5.0 'Yankuzo da gandun daji

Yanzu sai mu dawo ga zaton da muka ambata, cewa babakere daga hukuma mai ƙarfi yake fitowa. 'Yankuzo gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Tsafe, wadda ke iyaka da Faskari ta Jihar Katsina. Abin da ya sami wannan yanki ya fito ne daga inda hukuma ta yi rauni. An cinye burtali da makiyaya, an raba dazuzzuka ga masu hali, makiyayi ya ga ba ya samun gaskiya a kotu, manomi ya ga ba mai tsare masa shanun noma. Daga wajen 2011 satar shanu ta zama sana'a, 'yan sa-kai suka shiga kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, ramuwar gayya ta biyo baya, bindigogi kuma suka yawaita bayan rushewar gwamnatin Libiya. A watan Afrilu 2014 an kashe fiye da mutum 100 a 'Yar Galadima cikin yini ɗaya. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Muhammad Abubakar, ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, fiye da mutum 190,000 sun bar gidajensu, an kuma biya kuɗin fansa fiye da naira biliyan 3. Rahoton ya zargi wasu sarakuna da hakimai da hannu a ciki.

Abin da ya fi shafar batunmu shi ne yadda 'yan bindiga suka tashi daga fashi suka koma mulki. A ƙauyuka da dama sun aza haraji kafin shuka da kafin girbi, sun sa mutane noma musu gonaki bisa tilas, sun riƙa yanke hukunci tsakanin masu jayayya. A nan gandu ya haɗiye gayauna a zahiri, domin manomi na barin tasa gonar ya tafi ta mai bindiga, kuma wannan mai gandu ba ya ciyarwa, ba ya aurarwa. Ba su da allon leƙen ɗaki, amma suna da masu kai musu rahoto a cikin gari, waɗanda jama'a ke kira infoma. Da zarar mutum ya daina sanin wanda zai saki jiki da shi a majalisa ko a masallaci, to aikin allon ya kammala. Wanda ya sayar da sa sai ya ɓoye, wanda ya gina ɗaki sai ya ji tsoro. Adabinmu ya hango wani abu mai kama da wannan, domin Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, labari ne na mutumin da ya fito daga yaƙin basasa ya tara 'yan ta'adda masu makamai.

Sunan da aka fi dangantawa da 'Yankuzo shi ne Adamu Aliero, wanda aka fi sani da Ado Aliero. A 2020 'yan sandan Jihar Katsina suka ba da shelar nemansa, suka sa ladan naira miliyan 5, bayan harin Kadisau da aka kashe fiye da mutum 50. A ranar 16 ga Yuli 2022 Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa shi Sarkin Fulani a bainar jama'a, da hujjar neman zaman lafiya, kashegari gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin. A ƙasar da aka yi jayayyar malamai a 1806, a nan aka naɗa wa wanda hukuma ke nema rawani. Kada mu yi saurin la'antar talakan da ya halarci bikin. Wanda aka ba shi zaɓi tsakanin girbi da kabari, ba a tambaye shi ra'ayinsa ba.

6.0 Martanin hukuma

Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 39 da na 41 sun ba da 'yancin magana da na zirga-zirga, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita su saboda tsaro. A ƙarƙashin wannan inuwa aka ɗauki matakan watan Satumba 2021 a Zamfara. Aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar shanu, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita hawan babur, sa'an nan daga ranar 3 ga wata hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su katse layukan tarho a duk faɗin jihar. An ce mako biyu za a yi, amma Gusau ba ta sami layi ba sai farkon Oktoba, sauran sassa kuwa sai ƙarshen Nuwamba.

Ba a musun cewa matakan sun takura wa 'yan bindiga ta wajen mai da abinci. Amma a dubi wanda ya fi ɗaukar nauyin. Mutumin ƙauye da ke jiran ranar kasuwa ya sayar da akuya ya sayi hatsi ya rasa kasuwa. Wanda aka kawo wa hari ya rasa hanyar kiran agaji ko gargaɗin maƙwabta. Mutane suka riƙa tafiya Funtuwa don su buga waya. Tun a Disamba 2020 aka wajabta wa kowa haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, talaka ya bi layi ya yi, amma aka ci gaba da cinikin kuɗin fansa ta tarho. A watan Agusta 2022 hukumar kula da gidajen watsa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga, ta kuma ci irin wannan tara ga kamfanonin da suka nuna shirin BBC wanda Aliero ya yi magana a ciki. A watan Oktoba na shekarar gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin a Gusau saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa, daga baya ta janye.

7.0 Kammalawa

Ba daidai ba ne a ce Nijeriya ta zama ƙasar Orwell. Jaridu sun buga duk abin da muka kawo, jama'a sun yi suka, kuma a zaɓen 2023 mutanen Zamfara sun kayar da gwamna mai ci. Haka kuma ba daidai ba ne a daidaita gwamnatin da aka zaɓa da ɗan bindigar daji. Abin da tarihin wannan yanki ya ƙara a kan labaran ƙasar ƙunci shi ne cewa hukuma mai rauni tana iya jawo wa talaka abin da ake tsoro daga hukuma mai ƙarfi, ta hanyoyi biyu. Ta farko, takan bar fili ga mai bindiga ya kafa gandunsa. Ta biyu, idan ta tashi gyara, da yake hannunta bai kai ga mai laifi ba, sai ta damƙi wanda ke kusa, watau mai bin doka.

Saboda haka awon da ya kamata masana tarihi da na adabi su riƙa yi wa kowane mai iko, sarki ne ko gwamna ko wanin su, shi ne awon da Shehu ya yi a Magami: me ya bar wa mutum na bakinsa da jikinsa da dukiyarsa, kuma me ya ba shi a madadin abin da ya karɓa? Akwai kuma aiki a kanmu. Mutanen 'Yankuzo da Ɗanjibga da Keta da Bilbis suna da labarin harajin da suka biya da gonakin da suka bari. Wajibi ne a tattara shi daga bakinsu, da na manomi da na makiyayi, a ajiye kowanne yadda aka faɗe shi, kamar yadda Bello ya ajiye wasiƙar Al-Kanemi, tun masu shaidar suna raye.